Yadda ake karanta tef ɗin takarda na ƙananan kwamfutocin farko da gane tsarin bayanansa

Duk ɗalibin lantarki ko na kwamfuta a Katsina da ya taɓa loda manhaja a kan allon Arduino, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman yake ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ya riga ya yi mu'amala da gadon tef ɗin takarda ko da bai taɓa ganin tef ɗin da idonsa ba. Fayil ɗin da ake haɗawa kafin a tura manhaja cikin allon, wanda kowane layinsa yake farawa da alamar ruwa biyu (:), tsarinsa ya fito ne daga kamfanin Intel a 1973, lokacin da ake huda bayanai a kan zirin takarda. Wannan bayani na wanda ya samu irin wannan tef ne, ko ya samu hotonsa ko fayil ɗin da aka kwafo daga gare shi, yana kuma son ya san abin da ke ciki ba tare da ya lalata shi ba. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa yawancin waɗannan tsare-tsare suna ɗauke da shaidar ingancinsu a cikinsu, saboda haka aikin ba na kintace ba ne, na lissafi ne da mutum zai iya yi da biro da takarda.

Da farko a san tef ɗin kansa. Wanda masu ƙananan kwamfutoci suka yi amfani da shi a tsakiyar shekarun 1970 faɗinsa inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, kuma kowane jeri na ramuka da ya ratsa faɗin tef ɗin yana wakiltar bayit ɗaya, wato lamba guda daga 0 zuwa 255. A kowane jeri akwai gurbin manyan ramuka takwas, sannan da ƙaramin rami guda wanda haƙoran na'ura suke kamawa su ja tef ɗin gaba. Tazarar da ke tsakanin jeri da jeri kashi ɗaya cikin goma ne na inci, ma'ana bayit goma a kowane inci. Ƙaramin ramin nan na ja ba a tsakiya yake ba: gurabe uku suna gefe ɗaya, biyar suna ɗaya gefen. Gurbin da ke bakin gefen mai uku shi ne mafi ƙanƙantar daraja, wato 1, daga nan sai 2, sai 4, a tsallake ramin ja a ci gaba da 8, 16, 32, 64, har zuwa 128 a ɗaya bakin. Inda aka huda, ana ƙirga darajar gurbin. Inda ba a huda ba, sifili ne. Idan aka ga tef siriri mai gurabe biyar kacal, to wannan na na'urar teles ne da aka yi amfani da ita a gidajen waya da manyan ofisoshi, lambobin haruffansa daban ne, kuma bayanin da ke nan bai shafe shi ba.

Misali guda zai wadatar. A ce an ga jeri mai ramuka a gurbin 1, da 2, da 16, da 64. Jimlarsu 83 ce, wadda a lissafin sha shida, wanda ma'abota kwamfuta suke kira heks, ake rubutawa 53, kuma a jadawalin ASCII, wanda yake ba kowane harafi lambarsa, wannan shi ne babban harafin S. Wanda ya zauna ya karanta jeri ashirin ko talatin da ido ta wannan hanya zai fahimci duk abin da zai biyo baya cikin sauƙi, don haka ina ba da shawarar kada a tsallake wannan atisaye ko da akwai na'urar karatu a hannu.

Kafin a warware tef ɗin sai a yi la'akari da yanayinmu. Takardar da ta shekara kusan hamsin a naɗe, idan aka buɗe ta da ƙarfi a tsakiyar hunturun Katsina lokacin da iska ta busar da komai, tana iya tsagewa daga ramukan ja, kuma tef mai ninki ya fi saurin karyewa a wurin ninkin. A wanke hannu a busar, a shimfiɗa kyalle mai tsabta a kan dogon tebur, a kashe fanka, a warware a hankali. Kada a manna salatif a wurin da ya yage, domin gam ɗinsa yana toshe ramuka kuma yana ɓata takardar bayan 'yan shekaru. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗora sashen da ya lalace a kan baƙar takarda a ɗauki hotonsa da waya daga sama kai tsaye, da rula a gefensa, kafin a sake taɓa shi.

Game da na'urar karatu, ba sai an nemi tsohuwar Teletype Model 33 ba, na'urar buga rubutu mai karanta tef da huda shi, wadda ta fito a 1963 kuma masu sha'awar kwamfuta da yawa na wancan zamani suka dogara da ita. Tana karanta haruffa goma ne a daƙiƙa, kuma haƙoranta suna iya cinye ramukan ja na tsohon tef. Hanyar haske ta fi aminci, kuma tun a 1976 an sayar da wata ƙaramar na'ura mai suna OP-80A wadda ake jan tef ta cikinta da hannu a ƙarƙashin fitila. Ana iya haɗa irinta da ƙananan idanun haske guda tara da allon Arduino: takwas na bayanai, na tara kuma na ramin ja. Hikimar tana cikin ƙanƙantar ramin ja. Tun da ya fi sauran ƙanƙanta kuma tsakiyarsa tana layi ɗaya da tsakiyarsu, duk lokacin da haske ya ratsa ta cikinsa manyan ramukan sun riga sun buɗe sosai, saboda haka a daidai wannan lokacin ne manhajar za ta ɗauki darajar idanu takwas ɗin. Tef mai launin rawaya da aka shafa wa mai yana barin haske ya ɗan ratsa jikinsa, don haka sai an rage ƙarfin fitila ko an daidaita ma'aunin idanun har su bambance rami da takarda.

Ƙa'idar da ba a sassauta ta a wannan mataki ita ce a adana duk bit takwas, wato abin da ke gurabe takwas, na kowane jeri yadda suka zo, daga jerin farko har na ƙarshe, ba tare da manhajar da ke karɓa a kwamfuta ta gyara komai ba. A kashe duk wani zaɓi na sauya alamar ƙarshen layi, a kuma kashe tsarin dakatarwa na XON da XOFF, domin bayit 11 da 13 na heks suna iya zuwa a matsayin bayanai na gaske, manhajar kuma ta haɗiye su ta ɗauka umarni ne. A karanta tef ɗin sau biyu a kwatanta fayilolin. Idan sun bambanta, matsalar tana na'urar karatu ne, ba a tsarin bayanan ba. Sannan a ajiye kwafin asali a gefe, duk wani gyara a yi shi a kan kwafi na biyu.

Yanzu sai a buɗe fayil ɗin da manhajar da ke nuna bayit a heks, kamar xxd ko hexdump. Farkon tef yawanci fili ne mai ramukan ja kaɗai, wanda zai fito a matsayin jerin 00. Jerin da aka huda duk gurabensa takwas, wato FF, a tef na rubutu alama ce ta shafewa: idan mai bugawa ya yi kuskure sai ya mayar da tef baya ya huda duk ramukan, manhajar lodi kuma, wato wadda take kwashe abin da ke tef zuwa cikin kwamfuta, ta yi watsi da wannan jeri. Abin nema shi ne bayit na farko mai ma'ana bayan filin. Idan 3A ne, wato ruwa biyu, tsarin Intel ne a mafi yawan lokuta. Idan 53 ne, harafin S, na Motorola ne. Idan 3B ne, waƙafi mai ruwa (;), na MOS Technology ne. Idan 42 ne, harafin B, kuma ana ta ganin N da P, to BNPF ne. Idan kuwa bayit guda ne yake ta maimaituwa sannan abin da ya biyo baya bai yi kama da rubutu ba, akwai yiwuwar tef ɗin kwamfutar Altair ne.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko shi ne rami na takwas. ASCII bit bakwai yake amfani da su, kuma na'urorin Teletype da yawa suna huda gurbi na takwas don adadin ramukan kowane jeri ya zama cika, ba mara ba. Waƙafi mai ruwa yana da ramuka biyar, don haka a irin wannan tef zai fito BB maimakon 3B, lamba 1 za ta fito B1 maimakon 31, alamar komawa farkon layi kuma 8D maimakon 0D. Maganinsa shi ne a cire 128 daga duk bayit da ya kai ko ya wuce 128, amma sai an tabbatar tef ɗin na rubutu ne, domin yin haka a tef ɗin Altair lalata manhajar ne gaba ɗaya. Tarko na biyu shi ne karanta tef daga wutsiya. Alamarsa ita ce harafin da ya kamata ya buɗe layi sai a gan shi a ƙarshe, kuma 0A yana zuwa kafin 0D. Ba sai an sake jan tef ba, a juya jerin bayit ɗin a cikin fayil kawai.

Don a ga bambancin tsare-tsaren a fili, zan yi amfani da bayit biyar iri ɗaya a dukkansu: 3E, 41, D3, 01, 76, waɗanda za a ajiye a ma'adanar kwamfuta daga adireshi 0100, wato lambar wurin da za su fara zama. Ga masarrafin Intel 8080, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni a kwamfuta, wannan ƙaramar manhaja ce da ke ɗaukar harafin A, ta fitar da shi ta ƙofa ta 1, sannan ta tsaya. Ga sauran masarrafai ba ta da wannan ma'ana, amma tsarin tef ba ruwansa da ma'anar abin da yake ɗauke da shi. Darajarsu a lissafin yau da kullum ita ce 62, 65, 211, 1, 118, jimla 457.

A tsarin Intel layin zai kasance haka:

:050100003E41D3017631

Bayan ruwa biyu, 05 shi ne adadin bayit na bayanai, 0100 adireshi ne, 00 yana nuna cewa layin na bayanai ne, sai bayanan kansu, sai 31 a ƙarshe wadda ita ce jimlar tantancewa. Aikinta irin na jimlar da ɗan kasuwa yake rubutawa a ƙasan shafin littafinsa ne, wadda idan yaron shago ya sake tarawa bai same ta ba ya san akwai inda aka yi tuntuɓe. Ga yadda ake samunta: a tara 5 da 1 da 0 da 0 da 457, a samu 463. A cire 256 tun da bayit ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255, saura 207. A ɗebe 207 daga 256, a samu 49, wato 31 a heks. Ma'ana idan aka tara duk bayit na layin har da na ƙarshen, aka kuma yi ta cire 256, sakamakon zai koma sifili. Fayil ɗin yana rufewa da layin :00000001FF, inda 01 yake nufin an gama. A lura cewa tsarin Signetics na masarrafin 2650 shi ma da ruwa biyu yake farawa, sai dai adireshi ne yake zuwa kafin adadi, saboda haka idan lissafin Intel ya ƙi fita a kowane layi, a gwada wannan.

Tsarin Motorola ya zo da masarrafin 6800, kuma manhajar MIKBUG da ke cikin kwamfutar SWTPC 6800 ta 1975 tana karɓarsa da umarnin L, tana huda shi da umarnin P. Layinmu a wannan tsari:

S10801003E41D301762D

S1 yana nufin layin bayanai mai adireshi na bayit biyu. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin adadin 08 ne ba 05 ba: Motorola tana ƙirga bayit biyu na adireshi, da biyar na bayanai, da ɗaya na jimlar tantancewa. Lissafin kuma ya ɗan bambanta. A tara 8 da 1 da 0 da 457, a samu 466, a cire 256, saura 210, sannan a ɗebe daga 255, ba daga 256 ba, a samu 45, wato 2D. Wanda ya ga jimlarsa kullum tana saɓawa da ɗaya tak, to ya yi amfani da ƙa'idar Intel a layin Motorola ne. Layin rufewa yana farawa da S9, mafi yawa S9030000FC, kuma ana iya samun layin S0 a farko mai ɗauke da suna ko taƙaitaccen bayani.

Tsarin MOS Technology shi ne na allon KIM-1 da ya fito a 1976 da masarrafin 6502:

;0501003E41D3017601CF

Adadi ne da adireshi da bayanai, ba gurbin nau'in layi, kuma jimlar tantancewa bayit biyu ce da aka rubuta kai tsaye ba a juya ta ba: 463 ɗin nan ita ce 01CF. Abin da na fi yaba wa wannan tsari shi ne layinsa na ƙarshe, wanda a misalinmu zai zama ;0000010001. Bayan 00, yana faɗin adadin layukan bayanai da ke cikin tef ɗin, don haka idan layi guda cur ya ɓace saboda yagewa, za a gane, abin da layin rufewa na Intel ba ya nunawa. KIM-1 yana huda bayit 24 a kowane layi, yana kuma sa 00 guda shida bayan ƙarshen kowane layi, waɗanda ba bayanai ba ne.

BNPF ba ya buƙatar dogon bayani. An yi shi ne don aika abin da za a ƙona cikin ma'adanar dindindin, kuma kowane bayit yana cin haruffa goma: B na buɗewa, takwas na N ko P, F na rufewa. Bisa al'ada P ɗaya ne, N sifili, don haka 3E zai zama BNNPPPPPNF. Ba shi da adireshi a cikin bayanan kuma ba shi da jimlar tantancewa.

Tef ɗin Altair ya fi duk waɗannan buƙatar natsuwa. Kamfanin MITS na Ed Roberts ya fito da Altair 8800 a bangon mujallar Popular Electronics ta Janairun 1975, kuma na'urar tana zuwa ne ba ta san yadda za ta karanta komai ba. Mai ita sai ya shigar da 'yar gajeriyar manhajar lodi da hannu, bayit bayan bayit, ta makunnan da ke gaban akwatin, lambobin kuma a lissafin takwas-takwas ake rubuta su a littafin jagora. Wannan ya sa tef ɗin BASIC, harshen rubuta manhaja, da Bill Gates da Paul Allen da Monte Davidoff suka rubuta yake da hawa uku. Hawa na farko bayit guda ne da ke maimaituwa, misali AE ko C2 gwargwadon fitowar BASIC ɗin, kuma wajibi ne ya dace da lambar da aka shigar a manhajar hannu. Hawa na biyu wata manhajar lodi ce mafi girma, an huda ta a juye, bayit na ƙarshe shi ne na farko a tef, saboda manhajar hannu tana cika ma'adana ne daga sama zuwa ƙasa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka ya karanta tef ɗin daga wutsiya. Hawa na uku shi ne ainihin manhajar, a cikin ƙunshi-ƙunshi. Ƙunshinmu zai kasance bayit kamar haka, ba haruffa ba:

3C 05 00 01 3E 41 D3 01 76 CA

3C alamar farkon ƙunshi ce, 05 adadi, sannan adireshi da ƙaramin bayit a gaba, shi ya sa 0100 ya zama 00 01. Jimlar tantancewa ta ƙunshi adireshi da bayanai kawai, ban da adadi: 1 da 457 sun zama 458, a cire 256, saura 202, wato CA. Ƙunshin ƙarshe yana farawa da 78, sai adireshin da manhajar za ta fara aiki. Kada a bi fayil ana neman kowane 3C ana ɗauka farkon ƙunshi ne, domin 3C yana iya zuwa a cikin bayanai. A fara daga ƙunshi na farko, a ƙirga bisa adadinsa, a sauka kan na gaba.

Dalilin da ya sa MITS ta zaɓi bayit tsantsa a fili yake idan aka yi lissafin lokaci. Bayit 4096 a kan Teletype kusan minti bakwai ne da tef mai tsawon fiye da mita goma, da kuwa an rubuta su a heks da lokaci da takarda sun ninka har da ɗori. Akwai kuma dalilin tarihi da ya sa tantancewa take da muhimmanci a tef ɗin Altair musamman. Teletype tana iya karanta tef tana huda kwafinsa a lokaci guda, masu sha'awa kuwa sun yi ta kwafar BASIC suna rabawa, har Bill Gates ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa a farkon 1976 yana ƙorafi a kan haka. Saboda haka tef ɗin da ya iso hannun mutum a yau yana iya zama kwafin kwafi, da kurakuran da suka shiga tun wancan lokaci.

Idan jimlar wani layi ta ƙi fita, a koma kan takardar. Lambar bayit a cikin fayil, idan aka raba ta da goma, tana ba da nisan wurin a inci daga farkon tef, sai a auna da rula a duba da ido. Sau da yawa ɗan guntun takarda ne ya maƙale a rami, ko ninki ya buɗe wata kafa da haske ya bi. Bambancin da ke tsakanin jimlar da aka samu da wadda aka rubuta yana taimakawa: a tef na bayit tsantsa, idan bambancin 16 ne daidai, a nemi matsala a gurbi na biyar. Idan bayit ɗaya tak ne ya lalace a layi kuma an san wurinsa, ana iya dawo da shi ta hanyar lissafi daga jimlar sauran da jimlar tantancewa, bisa ƙa'idar tsarin. Idan sun kai biyu, lissafi kaɗai ba zai raba su ba, sai an nemi wani kwafin ko an karanta manhajar an fahimci umarnin da ya dace da wurin. A kuma sani cewa tarawa ba ta gane bayit biyu da suka yi musayar wuri, ko kurakurai biyu da suka shafe juna. Duk bayit da aka gyara da hannu a rubuta wurinsa da tsohuwar darajarsa da sabuwa a wata takarda da za ta zauna tare da fayil ɗin.

Tef ɗin da bai shiga ko ɗaya daga waɗannan ba, kuma bayan cire rami na takwas ya fito da layuka masu lamba a gaba da manyan haruffa, to rubutun manhajar BASIC ne tsantsa, wanda ake ciyar da shi ga kwamfuta kamar mutum ne yake bugawa. Jerin 00 da ke bayan kowane layi an sa su ne don kwamfutar ta samu lokacin sarrafa layin kafin na gaba ya iso, don haka a bar su idan za a loda shi a na'ura ta gaske.

Da zarar duk layuka sun inganta, manhajar srec_cat ta kunshin SRecord tana sauya tsarin Intel da na Motorola da na MOS daga wannan zuwa wancan ko zuwa bayit tsantsa, tana kuma ƙorafi idan ta ci karo da jimlar da ba daidai ba, wanda ya zama tantancewa ta biyu. Makwaikwayin Altair da ke cikin SIMH, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, yana ba da damar gwada manhajar 8080 a kwamfutar yau ba tare da tsohuwar na'ura ba. Shi kuwa tef ɗin, a naɗe shi sako-sako ba tare da roba ba, domin roba tana narkewa ta manne da takarda a zafin bazara, a sa shi a gwangwani mai murfi nesa da ƙasa da bango saboda gara da laimar damina, a rubuta sunan fayil ɗinsa da fensir a kan filin farkonsa inda babu ramukan bayanai.